Martani: Hana Yaro Sitiyari Ba Ya Mai Da Shi Direba

Kwanan baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi dogon rubutu a kan yara masu tuƙin ganganci a garuruwanmu, rubutun kuwa ya samu karɓuwa, musamman a wurin iyaye. Abin da Malam ya kawo a taƙaice shi ne yaran yanzu ba su da hankalin riƙe mota, don haka a ɗaga shekarun karɓar lasin daga 18 zuwa 25, duk yaron da aka kama a kan sitiyari a ƙwace motar a kulle uban, sa'an nan a riƙa zagaya makarantu ana nuna wa ɗalibai hotunan gawarwakin haɗari don su tsorata. Iyayen da suke koya wa 'ya'yansu tuƙi kuwa ya yi musu tatas, yana ganin su ne da hannunsu suke ɗora yaran a hanyar halaka.

Ban ga laifin Malam ba da ya fusata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ranar ɗaukar amarya, ko da yammacin Sallah, ya ga abin da ya gani: yaro da ƙyar kansa yake leƙo saman sitiyari, mutum takwas a motar mutum biyar, biyu sun ɗare kan taga, ana fizgar birkin hannu mota tana juyi taya tana ƙauri, 'yan kallo suna tafi. Wannan ba abin muhawara ba ne, kuma ba na cikin masu cewa ƙuruciya ce a ƙyale su. Dokar Najeriya ta ce sai mai shekara 18 zai hau titi da mota, ina tare da dokar. Inda muka raba hanya da Malam shi ne a kan abin da yake mai da mutum direba. Shi yana ganin shekaru ne da tsoro. Ni kuwa ina ganin awoyi ne, awoyin da matashi ya yi yana tuƙi babba yana zaune a gefensa. Shawarwarin Malam, in aka bi su, waɗannan awoyin za su fara hallakawa.

Bari in fara ba shi abin da yake nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. A Amurka, inda ake ajiye lissafin irin waɗannan abubuwa da kyau, an gano cewa in aka auna da nisan tafiya, direba mai shekara 16 zuwa 19 ya kusan ninka mai shekara 20 zuwa sama sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Batun ƙwaƙwalwa da Malam ya kawo shi ma gaskiya ne. Masana sun ce sashenta na gaba, wanda yake tsawata wa mutum in zuciya ta ɗebe shi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Sai dai binciken da ya nuna ƙuruciya haɗari ce, shi ne kuma ya nuna cewa sabunta haɗari ce mai zaman kanta, wannan ɓangaren kuwa Malam ya tsallake shi. A Kanada da Ingila da Ostireliya an bi diddigin sababbin direbobi wata bayan wata, abin da aka samu iri ɗaya ne. Lokacin da ɗan koyo yake tuƙi da babba a gefensa, haɗari kaɗan ne ƙwarai. Da an sake shi ya fara fita shi kaɗai, sai haɗarin ya yi tsalle, watannin farko su ne mafiya muni, daga nan ya riƙa sauka da sauri cikin wata 6. Yaro bai ƙara wani hankalin a zo a gani ba tsakanin Janairu da Yuni. Abin da ya ƙaru shi ne idonsa ya fara sanin titi. Wanda ya fara a shekara 25 ya fi ɗan 18 natsuwa, ban musa ba, amma shi ma ranar da ya fara lana ne. Bai san yadda ake auna gudun tirelar da take tahowa ba kafin a fita wuce wata mota. Bai san ƙwallo in ta gangaro titi akwai yaro a bayanta ba, bai san akuya in ta tsallaka 'ya'yanta na biye ba, bai san adaidaita sahu in ya hango fasinja ba ya shawara da kowa kafin ya ja birki ba. Furfura ba ta koyar da waɗannan.

Akwai kuma tambayar da Malam bai yi wa kansa ba: yaran da yake kuka da su, wa ya koya musu? Yawancinsu ba uba ba ne. A wurin wankin mota suka koya, in mai mota ya ba da makulli ya shiga masallaci, yaro ya ce bari ya gyara fakin. A gareji suka koya da sunan gwada birki. Wasu direban gida ne ya ɗana musu a ɓoye don neman shiri da ɗan maigida, wasu abokinsu ne da ya girme su da shekara ɗaya tak, wasu kuwa makullin suka zare daga aljihun rigar Baba yana barcin rana. Darasin wannan makaranta biyu ne, yadda ake tayar da mota da yadda ake ba ta wuta. Ba mai cewa duba madubi, ba mai cewa bar rata tsakaninka da na gabanka. In aka ce uba ya cire hannunsa sai ɗansa ya kai 25, ba a rufe makarantar ba, an dai ƙara mata shekara 7 tana cin karenta ba babbaka. Yaron da ya san in aka kama shi za a kulle ubansa kuwa, ranar da 'yan KAROTA ko jami'an kiyaye haɗurra suka ɗaga masa hannu, totur zai taka. Mun sha ganin yadda guje wa kamu yake ƙarewa, kuma sau da yawa mai tafiya a ƙasa ne yake biyan kuɗin.

Ko da an yi dokar ma, wa zai tsare ta? Ta 18 ɗin da muke da ita tun tuni mun tsare? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988 take aiki, an sabunta dokarta a 2007, ta fito da tsarin tantance makarantun koyon tuƙi, ta ce ba a ba sabon direba lasin sai ya kawo shaidar makarantar da aka amince da ita, ya kuma ci gwajin jami'an VIO. A takarda ba abin da ya rage. Amma kowa ya san wani da lasin ya tarar da shi har gida ta hannun 'yan tsakiya, bai taɓa zama da mai gwaji a mota ba. Masu 'yan shekaru za su tuna 1 ga Janairun 2009, ranar da aka fara tilasta wa masu babur hular kwano. 'Yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka, labarin ya zaga duniya ana dariya, ba a daɗe ba aka koma gidan jiya. Hular ba ta da laifi, don bincike ya nuna tana rage mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. An dai kawo umarni ne ba a zauna da kowa an fahimtar da shi ba, sai mutane suka ɗauki hular a matsayin maganin ɗan sanda.

Ban ma taɓo batun abinci ba. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, adaidaita sahu ya zama gonar dubban samari. Ga masu kai kaya, ga direbobin gidaje da na kamfanoni. Da yawansu ba su kai 25 ba, wasu da aure, wasu su ne suke riƙe da iyaye. Malam bai faɗa mana abin da za su ci ba tsawon shekarun jiran. Abin da zai faru a fili yake: za su ci gaba da tuƙi, ba lasin, ba horo, ga sabuwar ƙofar cin hanci an buɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Malam ya ɗauki koyar da matashi tuƙi kamar wani baƙon hali ne na 'yan boko masu shagwaɓa 'ya'ya. Ya je tasha ya tambayi tsofaffin direbobin tirela da na bas yadda suka fara. Kusan kowannensu yaron mota ne. Shekaru ya yi yana wanke mota, yana duba mai da ruwa, yana sa weji in an tsaya a tudu, yana ɗaure tamfol, yana zaune gefen maigidansa daga Kano zuwa Legas ko Fatakwal, yana kallon inda ake rage giya da inda ake haƙura da wuce mota ko da fasinja suna gunaguni. Sai an daɗe ake ce masa ya matsar da mota cikin tasha. Daga nan ribas. Daga nan a ba shi miƙaƙƙiyar hanya da hantsi, maigida na gefe ido biyu. Dare da gangara da ruwan sama su ne na ƙarshe. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. Akwai zagi da duka, akwai rashin karatun alamomin hanya, akwai ma iyayen gidan da suke haɗa wa yaro da koyon ƙwayar hana barci. Amma ginshiƙinsa daidai ne: ba a miƙa sitiyari rana ɗaya, ba a kuma hana shi gaba ɗaya, sakinsa ake yi kaɗan-kaɗan.

Wannan ne Turawa suka zo suka tabbatar da lissafi, suka mai da shi doka. Ƙasar Niyu Zilan ce ta fara cikakken tsarin lasin mai hawa-hawa a 1987. Da farko ɗan koyo ba ya tuƙi sai da gogaggen direba a gefensa. In ya ci gwaji sai a ba shi lasin mai sharaɗi: zai fita shi kaɗai, amma ban da tsakanin ƙarfe 10 na dare da 5 na asuba, kuma ban da kwasar abokai, sai in akwai babban direba a motar. Sai ya yi zamansa a wannan mataki lafiya sa'an nan a ba shi cikakken lasin. Lardin Ontariyo na Kanada ya bi sahu a 1994, jihar Fulorida ta Amurka a 1996, yau kuwa babu jihar Amurka da ba ta da wani nau'i na tsarin. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun auna a 2006, suka samu cewa a jihohin da tsarin ya fi cika, shigar direbobi 'yan shekara 16 cikin haɗarin da ake rasa rai ta ragu da kusan kashi 20 cikin 100. A jihar Biktoriya ta Ostireliya, ɗan koyo da bai kai 21 ba sai ya cika awa 120 yana tuƙi da mai kula da shi, 20 daga ciki da dare, a rubuce, kafin a bar shi ya je gwaji. Mai karatu ya gwada wannan da 'yan makonnin da namu suke yi a makarantar tuƙi, in ma sun je.

Suwidin kuwa akasin shawarar Malam ta yi. A 1993 ta sauko da shekarun fara koyo zuwa 16, ta bar karɓar lasin a 18 yadda yake, don yaro ya samu shekara biyu cur yana tuƙi a gefen babba. Waɗanda suka yi amfani da damar sun fi sauran ƙarancin haɗari bayan an sake su. Maƙwabciyarta Norwe ta kwaikwaya, amma ba ta ga wani bambancin kirki ba, saboda yaran ba su ƙara yawan tuƙin koyon sosai ba. Na kawo na Norwe da gangan, don kada a ce ina tallar rage shekaru. Lambar da aka rubuta a doka, sama ko ƙasa, ba ita take aikin ba.

Daga cikin sharuɗɗan nan, na hana kwasar abokai shi ne ya fi dacewa da ciwonmu. Gidauniyar AAA ta Amurka ta fitar da bincike a 2012 kan direbobi 'yan 16 da 17. Fasinja ɗaya sa'ansu yana ƙara yiwuwar mutuwar direban da kashi 44 cikin 100, biyu suna ninkawa, uku zuwa sama suna ninkawa sau huɗu. In kuwa mai shekara 35 zuwa sama ne a motar, sai ta ragu da kashi 62. Wani masanin halayyar matasa, Laurence Steinberg, ya sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci abokansu suna kallo. Manya ba su canza ba sosai. Matasa kuwa da an sa musu ido sai ganganci ya ƙaru. Wanda ya san majalisar samari ba ya buƙatar kwamfuta ta gaya masa haka. Yaron da yake kai mahaifiyarsa asibiti a natse shi ne zai yi wasa da mota gobe a gaban gidan amarya, don ana zuga shi ana ɗaukarsa a waya za a sa a TikTok. Ke nan ba dole sai an raba shi da mota shekara 7 ba. A raba shi da 'yan zuga shekara ɗaya ta farko, an kashe rabin wutar.

Batun nuna gawarwaki a makarantu ba zan daɗe a kansa ba. Masu nazarin saƙonnin kiyaye haɗari sun daɗe da lura cewa samari maza, waɗanda don su ake yi, su ne tsoratarwa ta fi wuyar ratsawa. Yaro zai kalla, jikinsa ya yi sanyi na kwana biyu, sa'an nan ya gaya wa kansa cewa wancan bai iya ba ne. Lacca a aji ita ma haka. An yi wani babban gwaji a gundumar DeKalb ta jihar Jojiya a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, aka ba dubban ɗalibai darasin tuƙi mai inganci, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Har koyar da ƙwarewar hannu ma tana iya zama sharri. A Norwe an taɓa tilasta wa sababbin direbobi darasin sarrafa mota a kan santsi, sai haɗarin samari a kan santsi ya ƙaru, don sun fito suna jin sun iya. A nan Malam yana da 'yar gaskiya: akwai koyarwar da take ɓata yaro, ita ce mai sa shi jin kansa gwani.

Koyarwar da nake nufi tana farawa tun yaro bai taɓa sitiyari ba, ba ta kuma karya doka. Ɗan shekara 14 ko 15 a zaunar da shi gidan gaba, ya ɗaura bel, uba yana tuƙi yana faɗin abin da yake gani: ka ga mai babur ɗin can yana waiwaye, juyawa zai yi, ka ga bas ta tsaya, wani zai iya ɓullowa ta gabanta, ka ga na rage gudu, makarantar allo ce a nan. Bayan wani lokaci sai a juya, a ce shi ya riƙa faɗa. A nan uba zai gane ko ɗansa yana kallon nesa ko bayan motar gaba kaɗai yake kallo. In lokacin riƙe mota ya zo, a fara a filin da ba kowa, kamar filin idi ranar da ba salla, a koyi kuloci da birki da ribas har su zama jiki. In ya cika 18 a kai shi makarantar tuƙi ta gaske, ya karɓi takardar ɗan koyo, a liƙa alamar L ba tare da jin kunya ba, ya je gwaji da ƙafarsa. Uban da ya saya wa ɗansa lasin ya koya masa darasin farko, cewa doka abar saye ce.

Bayan makaranta ne aikin gida yake farawa. Duk fitar da za a yi, cefane ne, zumunci ne, kai ƙanne makaranta ne, a ba shi ya ja, babba na gefe. A fara da unguwa da safe, a shiga shatale-tale da danja, a shiga gosulon bakin kasuwa, a hau babbar hanya kamar ta Kano zuwa Zariya da rana, sa'an nan dare, sa'an nan ruwan sama da hazon hunturu. A yi masa lissafin da zai zauna masa a kai. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita kusan 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka duba waya na daƙiƙa 3 tafiyar sama da mita 80 ce ido rufe. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake buƙata ninkawa yake sau huɗu. Shi ya sa doka ta ce 50 a cikin gari. A gaya masa bel yana rage mutuwar na gidan gaba da kusan rabi. Kuma don Allah a rage tsawa. Uban da yake ihu a kowace kwana ɗansa zai daina fita da shi, ya koma wa abokai. In Baba ba shi da haƙuri, a ba kawu ko baffa ko yaya ko tsohon direban unguwa mai mutunci. Uwa mai tuƙi ma ta isa, kuma 'yan mata su ma a koya musu haka nan, duk da dai maza ne suka fi mutuwa a hanya, kusan ninki uku.

Ranar da aka sake shi, gida ya kafa nasa sharuɗɗan tunda hukuma ba ta tsare mana su: ba abokai a mota, ba fita bayan isha'i, ba tafiyar gari da gari shi kaɗai, ba jerin gwanon biki, waya a aljihu. A ƙara da abubuwan da suke namu, waɗanda littafin Bature bai san da su ba, kamar tseren gab da shan ruwa da azumi, lokacin da kowa ya gaji kowa yana sauri, da barcin da yake kama wanda ya raba dare a majalisa. Can giya ce babbar matsalarsu, mu nan ƙwaya ce da kodin, wanda har sai da gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai shi da shigo da shi a 2018. Yaron da ake zargi da shaye-shaye ba ya taɓa makulli, a nan ni da Malam bakinmu ɗaya. Wanda ya kiyaye wata 6 a sassauta masa ɗaya, wanda ya karya a karɓe makulli wata guda. Wannan hukunci ne da uba zai iya zartarwa yau, ba sai majalisa ta zauna ba.

Wani abu kuma da ba ma son ji: yaro ya fara koyon tuƙi tun yana kujerar baya. Ya ga Baba yana bin hannun da ba nasa ba don kauce wa zagaye, ya ga yana amsa waya a kan gudu, ya ga yana yafa bel a kafaɗa in ya hango jami'ai ya cire in an wuce, ya ji irin zagin da yake yi wa mai adaidaita. Shekara goma sha yana kallo. Wace lacca ce za ta goge wannan?

Rubutun Malam gaba ɗaya a kan 'ya'yan masu mota ya tsaya, alhali yawancin yaranmu a kan babur suke fara haɗuwa da titi. A ƙauye ɗan shekara 12 ake aika da babur ya kai taki gona ko ya kai niƙa, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa, a garuruwan da ba a taɓa ganin jami'in hanya ba. A birni ga 'yan roba-roba, uku a kan ɗaya ba hula. Ga yaran adaidaita da mai keke ya ɗora wa balas ɗin da ba ya fitowa sai da gudu da kutse, wasu ma direban ne yake ba ƙaramin yaro ya yi masa 'yan awoyi shi ya huta. Waɗannan ba uba mai mota a gidansu da zai zauna a gefe. Masu iya zama musu uba su ne ƙungiyoyin direbobi da na masu adaidaita, da masu unguwanni da dagatai, da limamai. Ƙungiyar da take iya karɓar kuɗin tikiti a hannun kowane direba kullum tana iya hana a ba sabon yaro keke sai ya yi makonni yana bin wani gogagge. Mai keke kuma da ya ba yaron da bai kai ba, ko ya ɗora masa balas ɗin da ya fi ƙarfinsa, yana da kaso a duk jinin da aka zubar.

Ba na cewa a ajiye hukunci. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara 13 makulli ya shiga gari don a san gidansu akwai mota, a hukunta shi, kuma kada waya daga sama ta sa a sake shi kafin magariba, wanda shi ne ainihin abin da yake kashe dokokinmu. Masu wasa da mota a biki a kama motocin, ango da waliyyansa su amsa tambaya. Shari'ar Musulunci ma ba ta ɗauki kisan kuskure wasa ba: akwai diyya, akwai kaffara, kuma malaman fiƙihu sun ɗora diyyar a kan dangin wanda ya yi kisan. Amma dole doka ta bambanta mai sakaci da mai koyarwa. Malam ya zuba su a kwando ɗaya, kuma wanda zai ji tsoron irin dokarsa ya janye shi ne mai koyarwar, don shi ne dama mai jin tsoron doka.

Saboda haka, Malam, ka janye batun 25. Ka zo mu haɗa murya mu nemi abin da za a iya yi: a tsare 18 ɗin da gaske, gwajin lasin ya zama sai an zauna a mota an tuƙa, a wajabta wa ɗan koyo awoyi a rubuce tare da babban direba, a hana sabon direba kwasar abokai da tuƙin tsakar dare a shekararsa ta farko, a sa ƙungiyoyin tasha su horar da nasu. Kai kuma mai karatu, in kana da saurayi ko budurwa a gida da suka kusa 18, kada ka jira gwamnati. Ka tambaye su ko sun riga sun iya mota, ka tambayi wanda ya koya musu, sa'an nan ka ware musu awa biyu a ranar Asabar mai zuwa.